Kafin Ka Rufe Shagon Gaba

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ƙanenka ya kawo mini labari cewa tunda matar wani babba a gwamnati ta ba ka aikin lefen 'yarta, ƙawayenta kuma suka biyo sahu, ka yanke shawarar rufe shagon gaba, ka daina karɓar gyaran ɗan kunne da zobe, ka koma aikin manya kawai. Na yi murna da buɗin, Allah Ya ƙara. Amma tun ranar wani tsoho yake ta faɗo mini a rai, mutumin Rasha, maƙerin fari kamarka.

Sunansa Karl Faberje. An haife shi a San Fitasbag a 1846, ya gaji shagon da mahaifinsa ya buɗe a 1842. A 1885 Sarkin Rasha Alekzanda na Uku ya sa shi ya ƙera wa matarsa kyautar bikin Ista na Kiristoci. Da ganinta ƙwai ne fari sol, amma in an buɗe sai ga gwaiduwa ta zinare, a cikin gwaiduwar kuma ga 'yar kaza ta zinare. Abin ya burge sarauniya, sai ya zama al'ada. Da Nikolas na Biyu ya hau, ƙwai biyu yake sa a yi masa a shekara, ɗaya na mahaifiyarsa, ɗaya na matarsa. Ƙwai hamsin Faberje ya kai fada. Ma'aikatansa sun kai wajen ɗari biyar, yana da rassa a Mosko da Odesa da Kiyef, har Landan. In ana maganar maƙerin da ya samu shiga wurin manya, to daga shi an rufe ƙofa.

Ka lura da wani abu, don kai ɗan sana'a ne. Ƙwayayen nan da duniya ke kiransu da sunansa, ba hannunsa ne ya ƙera su ba. Manyan maƙeransa ne, irin su Mikhail Perkhin da Henrik Wigström. Nasa shi ne ido, da zaɓen mutane, da sanin abin da fada ke so. Wannan ma baiwa ce babba, ban raina ta ba, sai dai baiwa ce mai buƙatar fada ta ci gaba da tsayuwa.

Fadar kuwa ba ta tsaya ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, masana'antarsa ta koma yin kayan soja da tukwanen jan ƙarfe. A 1917 sarki ya sauka, 'yan Bolshebik, wato 'yan juyin juya halin gurguzu, suka karɓi mulki, a watan Yuli na 1918 aka kashe sarkin da iyalinsa. A shekarar aka ƙwace kamfanin. Masu sayen kayansa, wasu an kashe, wasu sun gudu suna sayar da sarƙoƙinsu don su ci abinci. Faberje kuwa yana da shekara 72 ya bar ƙasar. Ya fara sauka a birnin Riga na Latbiya, daga nan Jamus, daga nan Siwizalan. Matarsa da babban ɗansa ta kan dusar ƙanƙara suka tsallaka Finlan. A watan Satumba na 1920 ya rasu kusa da birnin Lozan na Siwizalan, shekara biyu kacal bayan fitowarsa, bai sake buɗe shago ba.

Na san abin da za ka ce: Baba, ai juyin juya hali ne, wa zai tare shi? Gaskiyarka. Ko da ya riƙe kwastoma dubu daga talakawa, da an ƙwace kamfanin. Ba na ɗora masa laifi. Abin da nake so ka duba shi ne abin da kowa ya iya fita da shi. Tsohon ya fita da suna. 'Ya'yansa biyu, Yujin da Alekzanda, sun buɗe ɗan kamfani a Faris a 1924, kuma cikin abin da ya riƙe su har da gyaran tsofaffin kayan da gidansu ya ƙera a da. Gyara dai, aikin da kake son jefarwa.

Sunan ma bai zauna a gida ba. Wani ɗan kasuwa a Amurka ya ɗauka ya liƙa wa turare, a 1951 iyalin suka karɓi dala 25,000 suka bar masa. Turaren Brut ɗin nan da samarin zamaninmu suke fesawa, kamfanin Faberje na Amurka ne ya fito da shi. Ƙwayayen kuwa gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ta sayar da da yawa daga cikinsu waje don neman kuɗin ƙetare.

Kai ba juyin juya hali kake jira ba, zaɓe kawai ya isa. Kujerar mijin Hajiyar nan wa'adinta shekara huɗu ne, ƙawayenta kuma duk inuwa ɗaya suke sha. Ranar da aka sauke shi, tare za su ɗauke ƙafa, kuma kar ka yi mamaki in sun tafi da bashinka. Matar da ke kawo maka awarwaron da ya karye kuwa, ta kawo bara, za ta kawo baɗi, ranar auren 'yarta ma wurinka za ta zo.

Don haka ka yi musu aikinsu da kyau, ka karɓi kuɗin zinare kafin ka narka. Shagon gaba ka bar shi a buɗe, ka sa yaro mai gaskiya. Kai kuma ko sau biyu ne a mako ka zauna gaban wuta da kanka, kada hannu ya mutu ka koma mai nuni da yatsa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ɗan kunnenta na aure maƙalinsa ya karye, zan ba ƙanenka ya kawo ranar Asabar. Ta ce kai za ka gyara, kada ka miƙa wa yaran shago.

Mahaifinka.