Sha-ka-fashe da ciwon hanta a ƙauyukanmu

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Dan Allah ka ɗan ban fili. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙauye a yankin Ringim, kuma wlh yanda mutanenmu ke ɗirkar dexamethasone da prednisolone ya fara ban tsoro, 'yan mata na sha dan su ciko kafin biki, sha-ka-fashe kenan, tsofaffi na sha dan ciwon gwiwa, daga kemis ko tiren mai talla ranar kasuwa, ba takardar likita ba komai.

Abin da jama'a basu sani ba, ƙwayar ciwon hanta nau'in B ba ita ke cin hanta da kanta ba, yawancin ɓarnar daga faɗan da garkuwar jiki ke yi da ita ne a cikin hantar. Shi kuma jiki Allah Ya yi masa birki, akwai sinadarai irin su IL-10 da PD-1 masu ce wa sojojin jini ya isa haka. Birkin nada amfani, dan in babu shi hantar ce za ta ji jiki, amma in yayi yawa sai sojojin su yi laƙwas ƙwayar ta samu wurin zama shekara da shekaru ba ko ciwon kai. Akwai ma TGF-beta, shi bayan danne garkuwa har tabo yake sa hanta tayi, ta ƙandare, ciki ya cika da ruwa, sai kaji ana sammu ne.

To mutum yana ɗauke da ƙwayar bai sani ba, yazo ya ɗora waɗannan magunguna, su dexamethasone masu danne garkuwa, wata da watanni, ya ƙara taka birki kenan, ƙwayar tai ta hayayyafa, bayan ya bari garkuwa ta farka ta afka wa hantar, ido yayi ɗorawa, a ce shawara ce a koma jiƙo. Wanda likita ya rubuta wa ban ce ya yar ba fa, yankewa farat ɗaya ma haɗari ne, ya dai nemi gwajin hanta.

Sai jarirai. Wanda ya kamu wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 ƙwayar zama take a jikinsu, alhali akwai allurar rigakafi ta cikin awa 24 na farko, mu kuma nan haihuwar gida ake sai bayan suna a kawo mana yaro. Ina roƙon limamai da masu unguwanni su faɗa wa magidanta, ko maijego bata fita ba, kaka ko gwaggo ta goyo shi ta kawo mana ranar.

Naku,
Ma'aikacin lafiya daga karkarar Ringim, Jigawa