Amsa ga ma'aikaciyar jinya: me ya sa ba a kwafo ƙa'idojin rigakafi kawai?

Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa. Kin tambaye mu a bainar jama'a cewa tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta fitar da shawarwarin rigakafin cututtuka, me ya sa sai kowace ƙasa ta kafa kwamiti ta kwashe watanni tana rubuta nata, maimakon a kwafo a raba wa asibitoci. Ga amsarmu.

Shawarar hukumar tana faɗin abin da bincike ya nuna yana aiki ne. Wanda zai yi aikin, da kayan da zai yi da su, da inda kuɗin zai fito, duk an bar wa ƙasa. Shawarwarin ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ana auna hujja da tsarin GRADE hawa huɗu, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni ƙwarai, sannan shawara ta fito ko dai mai ƙarfi ko mai sharaɗi. Mai ƙarfin ma tana da iyakar wuri. A 2012 hukumar ta amince a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin zazzaɓin cizon sauro na SP (sulfadoksin-pirimetamin) da amodiyakwin duk wata a lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tsananta, amma a yankin Sahel. Ba a haɗa da gabashi da kudancin Afirka a lokacin ba, domin ƙwayar cutar ta bijire wa SP a can. Ƙasar da ba ta auna bijirewar magani a cikinta ba, to a makance za ta kwafa.

Kafin kwamiti ya zauna, kowane mamba ya bayyana a rubuce ko yana da alaƙa da kamfanin magani. Kuma kada a cika shi da manyan likitoci zalla. A sa mai jinya, da mai kula da ɗakin ajiyar magani, da mai tattara alƙaluma, da jami'in kasafin kuɗi. Su ne za su yi lissafin adadin mutane sau adadin allurai, a ƙara da abin da zai salwanta. Tun 2022 an yarda a yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV, mai kare sankarar bakin mahaifa, sau ɗaya ko sau biyu. Zaɓin na ƙasa ne, kuma sau ɗaya na nufin kayan da ke hannu za su isa ninki biyu na 'yan mata.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne takardun ma'aikata ɗaya su saɓa wa juna. Sashen zazzaɓi ya ce a ba mai juna biyu SP daga watanni ukun tsakiya, a kowane awo, da tazarar aƙalla wata ɗaya, aƙalla sau uku. Sashen kula da masu ciki kuma yana raba folik asid, maganin ƙarin jini, mai miligiram 5, alhali wannan adadin yana rage ƙarfin SP. Mai miligiram 0.4 ake so. Macen da ke shan Septrin saboda HIV kuwa ba a ba ta SP sam. In ba a zaunar da sassan uku, wato na zazzaɓi da na masu ciki da na HIV, a teburi ɗaya ba, ke da kike gaban mai cikin ce za ki rasa wadda za ki bi.

Haka allurar ciwon hanta nau'in B da ake so jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa. Rubuta hakan abu ne mai sauƙi. Amma in allurar na kulle a firjin sashen rigakafi, mai makullin kuma ya tashi aiki, jaririn da aka haifa da dare ko a ƙarshen mako ya rasa. Dole ƙa'ida ta faɗi inda za a ajiye ta kusa da ɗakin haihuwa, a sanyin digiri 2 zuwa 8, ba tare da ta daskare ba, domin daskarewa na lalata ta. Kwalbar allurar ƙyanda mai ɗaukar yara goma ana zubar da ragowarta awa shida bayan haɗawa, shi ya sa ma'aikaci kan ƙi buɗewa don yara biyu, ya ce su dawo. Da yawa ba sa dawowa. Sai an rubuta ƙarara cewa a buɗe ko don yaro ɗaya ne, an kuma sa asarar a kasafi, kafin ya daina tsoron tuhuma.

A gwada ƙa'idar a 'yan asibitoci tukuna, a taƙaita ta a shafi ɗaya da za a manna a bango, a ƙara mata gurbi a rajista, don abin da ba shi da gurbi ba a ƙirga shi. In yaran da suka karɓi allurar Penta (mai kare cututtuka biyar) ta farko amma ba su kai ta uku ba suka haura kashi 10 cikin ɗari, a je a bincika. A sa ranar sake dubawa a bangon littafin ƙa'idar, kuma ranar da sabuwa ta fito a aika a kwashe tsofaffin takardun daga ɗakunan awo.

Mun gode da tambayarki.

Daga wasu masu aikin tsara ƙa'idojin rigakafi