Mai son zaga birnin Kano da ƙafa a yini ɗaya ya fara daga Dala

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin baƙi, da malaman makaranta masu kawo ɗalibai yawon buɗe ido cikin birnin Kano. Yawancinsu a baibai suke faro tafiyar. Sai su sauka a Ƙofar Mata da hantsi, su ɓata lokaci wajen ɗaukar hoto, su isa gindin dutsen Dala rana tana tsaka. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, nan yawon yake mutuwa: rabi su hau suna haki, rabi su zauna a inuwa suna jira.

A juya tsarin. A isa Dala da ƙarfe 6:30 na safe, a hau matakala a hankali, kada a yi tsere. Minti 30 a sama ya isa. Amfanin hawan ba tarihin Barbushe, shugaban mazauna Dala na dā, da abin bautarsu Tsumburbura kaɗai ba ne. Daga can ake hango Gwauron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci, kuma su ne alamar da za a riƙe in an shiga lungu. Taswirar waya ba ta da tabbas a lungunan birni, za ta iya kai mutum zauren da aka rubuta wa "ba shiga". In an rikice, a tambayi mai shago ko dattijon da ke zaune a dakali, a fara da sallama.

Kada a yi gaggawar faɗawa kasuwar Kurmi, domin rumfuna ba sa gama buɗewa sai wajen ƙarfe 10. A cike wannan giɓin da karin kumallo, a bi ta Madabo, a nemi gurasar Jakara.

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ita ce mai cin lokaci, a ware mata awa biyu. Layukanta matsattsu ne, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa. Saboda haka ayarin da ya haura mutum 10 a raba shi, kowane rukuni da jagoransa, a kuma ajiye wurin haɗuwa tun kafin a shiga. In aka ji "hanya, hanya!" a raɓe jikin rumfa, mai kura ne da kaya, ba ya iya tsayawa nan take. Waya da kuɗi a aljihun gaba. A riƙe canji. Wanda ya sayi sirdi ko buhun kayan yaji tun yanzu, shi zai yi dakonsa har magariba, gara ya biya ya bar wa mai rumfa ajiya.

Azahar a Babban Masallaci, wanda aka sake ginawa zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A huta a nan, a ci abinci har rana ta yi sanyi. Gidan Sarki daga Ƙofar Kudu ake kallonsa, shiga ciki sai da izini. Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi, na kusa, awa ɗaya ta ishe shi, amma a tambayi lokacin tashin ma'aikatansa tun da safe.

Bayan la'asar sai marinar Ƙofar Mata. A kalli yadda marini ke tsoma yadi a ruwan baba, ya ɗaga ya sha iska yana kore-kore har ya koma shuɗi, ya sake tsomawa. A nemi izini kafin hoto, a sayi ko da ɗan ƙyalle ne, mutanen sana'arsu suke yi. A kula da yara a bakin ramuka.

Ranar Juma'a ba ta dace da wannan zagaye ba, tituna kewayen masallaci kan cushe tun kafin azahar. Gidan Ɗan Hausa kuwa, wanda shi ma gidan tarihi ne, yana Nassarawa, wajen ganuwa, a bar shi sai wata rana. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 2, da hula ko lema, da takalmi rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi. Silifa da kwatamin lungu ba sa shiri, balle da damina.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu yi wa baƙi jagora,
Cikin Birni, Kano.