Jakin jita da amonta: sunan ƙarfe kaɗai ba ya wadatarwa

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta yawaita a bakin masu kaɗa jitar lantarki irin ta da, wato cewa da zarar mutum ya sauya jakin jitarsa da na tagulla ko na baƙin ƙarfe, to amonta zai koma irin na shekarun 1950. Jaki shi ne ƙarfen nan da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, kuma a kansa ne ake samun ƙananan mazaunai da kowace tsirkiya ke kwanciya. Na daɗe ina kaɗa jita ina kuma kwance ta ina ɗaurawa, kuma ra'ayina shi ne maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an ɗora wa sunan ƙarfe nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Maɗaukin sauti na maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ba ya jin katako, ba ya jin jaki, motsin tsirkiya kawai yake ɗauka ya aika wa amfilifaya. Saboda haka duk tasirin da jaki zai yi, sai ta hanyar abin da yake yi wa wannan motsi. Jaki ba ya ƙara wa tsirkiya komai, sai dai ya rage mata. Idan mazauni yana da tauri kuma ya zauna daram, ƙarfin girgizar yakan tsaya cikin tsirkiya, amo ya daɗe kuma kaifinsa ya fito. Idan kuwa akwai sako-sako, ko sukuru yana rawa a cikin raminsa, wani sashe na girgizar yakan zurare ta nan, sai a ji sauti ya mutu da wuri ko ya zo da ƙara marar daɗi.

A duba jitar Telecaster, wadda Leo Fender, mai kamfanin Fender, ya fitar a Fullerton ta jihar Kalifoniya a 1950 da sunan Broadcaster, kafin a sauya mata suna a 1951. Mazaunanta uku ne, kowane yana ɗauke da tsirkiya biyu, kuma a farkon shekarun nan na tagulla ne, daga baya a tsakiyar shekarun 1950 kamfanin ya koma baƙin ƙarfe. Makaɗa da yawa sukan ce tagulla ta fi laushin amo, baƙin ƙarfe kuma ya fi kaifi, kuma ban ƙi wannan ba. Sai dai abin da ake yawan mantawa shi ne tsirkiya biyu da ke danne mazauni guda suna matse shi a kan farantin da mazaunan ke zaune a kai da ƙarfin da ya fi na tsirkiya ɗaya, kuma wannan matsi yana da nasa rabon a amon. Illarsa ita ce ba a iya daidaita tsawon kowace tsirkiya ita kaɗai, don haka saiti ba ya cika zama cif a can saman wuyan jita, abin da ya sa yanzu ake ƙera mazaunai uku masu ɗan karkace. A wannan jita ce kaɗai zan yarda cewa irin ƙarfen yana da tasiri kai tsaye, domin maɗaukin sauti na baya a jikin farantin jakin aka ɗaure shi, kuma farantin baƙin ƙarfe yana shiga cikin da'irar maganaɗisun. Wanda ya musanya shi da farantin tagulla ya taɓa aikin maɗaukin kansa.

Jitar Stratocaster ta Fender, ta 1954, ta zo da mazaunai shida na baƙin ƙarfe da aka lanƙwasa, da dunƙulen ƙarfe a ƙarƙashi wanda tsirkiyoyi ke bi ta cikinsa, da sifirin a bayan jita da ke ja da tsirkiyoyi domin sandar girgiza sauti ta yi aiki. Bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, an kai farkon shekarun 1970 aka koma zuba jakin da garwayen tutiya, kuma tun daga lokacin tutiya ta yi baƙin jini a wurin masu son kayan da. Amma ga abin da ya kamata masu wannan ra'ayi su amsa: jakin Tune-o-matic na kamfanin jita na Gibson, wanda Ted McCarty ya tsara kuma ya bayyana a kan jitar Les Paul Custom a 1954, shi ma gangar jikinsa ta garwayen tutiya ce, kuma a kansa ne tsirkiyoyin Les Paul na 1959 suke, jitar da ake yi wa kallon sarauniyar amo. Ƙarfen da ake zagi a wata jita shi ne ake yi wa kirari a wata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa siffar jaki, da nauyinsa, da yadda ya haɗu da katako, sun fi sunan ƙarfen muhimmanci.

Gibson ma ba ta dace da jaki a karon farko ba. Les Paul ta 1952 ta fito da dogon jaki mai lilo wanda tsirkiyoyi ke bi ta ƙarƙashinsa, har makaɗi ya kasa danne su da gefen tafinsa, sai a 1953 aka maye gurbinsa da sanda guda da aka kafe da ingarman sukuru biyu, tsirkiyoyi na naɗowa ta samanta. Har yau akwai masu fifita wannan sanda saboda ba ta da sassa da yawa da za su yi rawa, ni ma ina cikinsu.

Wurin da tasirin jaki ya fi fitowa fili, har wanda bai ƙware ba ya ji, shi ne jitocin Fender guda biyu, Jazzmaster ta 1958 da Jaguar ta 1962. A cikinsu tsirkiya ba ta karyowa sosai bayan ta wuce mazauni, tana tafiya kusan a miƙe mai nisa kafin ta isa inda aka ɗaure ta, don haka dannawarta a kan jaki ba ta da ƙarfi, amo ba ya daɗewa, kuma ragowar tsirkiyar da ke baya tana yin nata ɗan kuka. An tsara su ne a zamanin da ake amfani da tsirkiyoyi masu kauri, shi ya sa idan aka sa sirara sukan yi tsalle daga mazauninsu. Wasu sukan ɗan karkata wuyan jitar domin a ɗaga jaki kusurwar ta ƙaru, sai amo ya sauya ƙwarai ba tare da an sauya ko sukuru ɗaya na jakin ba.

Akwai kuma wata yaudara da kunne ke yi wa mai shi. Duk wanda ya sauya jaki, kusan dole ne ya ɗaura sababbin tsirkiyoyi, ya sake daidaita tsayinsu, wanda hakan ke sauya tazarar da ke tsakaninsu da maɗaukin sauti. Sabuwar tsirkiya ita kaɗai tana da kaifin da tsohuwa ta rasa, amma sai a ba jaki ladan duka, musamman idan an kashe masa kuɗi masu yawa. Ni kaina na taɓa faɗawa cikin wannan, sai da na mayar da tsohon jakin da sababbin tsirkiyoyi na ji bambancin ya ragu zuwa ɗan kaɗan.

Shawarata ga mai niyyar sayen sabon jaki ita ce ya fara duba wanda yake da shi: ya ɗaure sukurorin faranti, ya tabbata ƙafafun kowane mazauni biyu suna taɓa ƙasa daidai, ya goge tsagar da tsirkiya ta ci idan ta yi kaushi, sannan ya naɗi sautin jitar kafin gyara da bayansa da irin tsirkiya ɗaya da saitin amfilifaya ɗaya, ya saurara ba tare da ya san wanne ne wanne ba.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu, makaɗin jita