Shawara Ga Masu Niyyar Ziyartar Birnin Buruj Na Beljiyam

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida in ja hankalin 'yan'uwa masu zuwa Beljiyam, musamman masu saro motoci a Burasels da Antwaf, game da birnin Buruj. Da yawa sukan koma gida ba su taka shi ba. Waɗanda suka je kuwa sukan leƙa da tsakar rana na awa biyu ko uku, su dawo suna cewa ba su ga komai ba sai turmutsitsi. Lokacin zuwan ne ba su zaɓa daidai ba.

Buruj ya yi arziki da cinikin tufafi daga ƙarni na 13 zuwa na 15, lokacin da jiragen ruwa ke iso masa ta mashigin Zwin. Da yashi ya cike mashigin, kasuwa ta koma Antwaf, kuma rashin kuɗin rushe tsofaffin unguwanni ya taimaka wajen barin birnin da tsohon fasalinsa. A 2000 UNESCO ta sanya tsakiyarsa cikin wuraren tarihi na duniya.

Daga Burasels tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. A allon tasha Brugge za ka ga an rubuta, domin yankin na masu harshen Holanci ne. 'Yan'uwanmu na Nijar su lura, a nan Ingilishi ya fi Faransanci saurin buɗe baki. Daga tasha zuwa babban dandalin Markt minti 20 ne a ƙafa, amma titunan duwatsu ne aka jera, suna cin tayar akwati, suna zame ƙafa in an yi ruwa. A sa takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, a bar babban kaya a ma'ajiyar tasha, kuma a saurari ƙararrawar masu keke.

Babbar shawarata ita ce a kwana. Masu yini ɗaya, har da waɗanda manyan jiragen ruwa ke saukewa a tashar jiragen ruwa ta Zeebrugge da ke kusa, suna cika gari daga hantsi zuwa la'asar. Wanda ya kwana shi ke samun gadoji da bakin ruwa babu kowa da sassafe da kuma bayan magariba. A fara da hasumiyar Belfort da zarar an buɗe: tsayinta mita 83, matakala 366, babu lif, kuma matakalar tana ƙara matsewa can sama. Ana ƙayyade adadin masu hawa, shi ya sa layi ke tsawo, don haka a sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura da ita, ba abin kunya ba ne.

Yawon kwalekwale a hanyoyin ruwan da suka ratsa birnin minti 30 ne. Matsayai biyar ne, duk hanya ɗaya suke bi, saboda haka a nemi mai gajeren layi, kada a nace wa na Rozenhoedkaai inda kowa ke ɗaukar hoto. Kwalekwalen ba su da rufi, wasu gadojin kuma sai an sunkuya. Daga Maris zuwa tsakiyar Nuwamba ake da tabbacin samunsu, da hunturu kuwa sai yadda yanayi ya yi.

Daga nan a ga Cocin Uwargijiyarmu mai hasumiyar bulo ta mita 115, inda sassaƙen marmara na Michelangelo yake, da tsohon asibitin Sint-Jan na ƙarni na 12 da ke fuskantarta. A Begijnhof, wani tsohon rukunin gidajen mata Kiristoci masu ibada wanda aka kafa a 1245, ana buƙatar shiru domin har yanzu akwai mata masu ibada a ciki. A duba ranar hutun kowane gidan tarihi kafin a tsara yini.

Batun abinci ne ya fi damuna ga Musulmi. Miyar naman da ake kira stoofvlees da giya ake dafa ta. Wasu alawoyin cakulan akwai barasa a cikinsu, kuma ba a gane su da ido, sai an tambayi mai shago. Soyayyen dankali a al'adance da kitsen shanu ake soya shi, mai kiyaye yanka ya tambaya tukuna. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin 5 na yamma, don haka a riƙe jadawalin salla na garin. Banɗakunan jama'a na kuɗi ne, a tanadi tsabar yuro.

Biza ta Shengen ce, wato ta bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nema.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta ku a kullum