Godiya ga shagon Baba tela na gefen babbar kasuwar Maradi

Assalamu alaikum Baba, da kai da yaran shagonka baki ɗaya. Ina fata kuna lafiya, ya aiki, ya ƙoƙari.

Ka hana ni ambaton sunanka, kuma na kiyaye. Amma duk mai bi ta layin teloli na gefen babbar kasuwa ya san rumfar da tsohon keken Singer na ƙafa yake, inda ƙullin tsofaffin kaya ke jibge a ƙarƙashin tebur suna jiran layi. Na san ba ka riƙe babbar waya, don haka ina roƙon yaronka mai zama bakin ƙofa ya karanta maka wannan takarda.

Farkon zuwana wurinka a watan Oktoba ne na 2023. Mutanen Maradi ba za su manta da wannan lokaci ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli an rufe iyaka, kayan Kano da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa suka tsaya, yadi ya yi tsada, ga wutar da ke zuwa daga Najeriya an yanke. Teloli masu keken lantarki suna zaune suna fifita. Ni kuma ga komawa lakkol ta zo, yara huɗu, albashin malamin makaranta bai kai in ɗinka wa kowa sabo ba. Na ɗauki wandunan bara na zaga shago uku. Ɗaya ya ce su ba sa gyara, ɗaya ya karɓa ya ajiye kwana goma bai taɓa ba, na ukun ko buɗe ledar bai yi ba. Ban ga laifinsu sosai ba, sabon ɗinki ya fi kawo kuɗi, amma raina ya sosu.

Kai da na miƙa maka, sai ka baje su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaga kowane wando sama kana duba shi a hasken rana, don ka ga inda yadi ya yi sirara tun bai kai ga ɓulewa ba. Ka warware kalmasar ƙafa ka sauke ta, wandon da ya ɗage wa babban yarona ya dawo daidai idon sawu. Gwiwa kuwa ta ciki ka yi mata maho, ka bi ta da ɗinki layi-layi kusa da juna da zare mai launin yadin. Rigar da wuyanta ya cinye ka cire wuyan ka juya shi, ɓangaren da ya goge ya koma ƙasa. Duka aikin ka ce in kawo dala 150. Na zaci ban ji daidai ba, har na sake tambaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne babbar rigar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Shadda ce mai aikin hannu, aska biyu, ita kaɗai na roƙa a bar mini da aka raba kayansa. Ta daɗe a akwati har asu ya taɓa ta a baya, kafaɗa ta goge inda ake naɗe hannun riga, bakin aljihu ya tsage ya shiga cikin aikin. Wani abokina ya ce in yanke ta a yi wa yara ƴan riguna. Ban iya ba.

Na tuna yadda ka sa aka share tabarma kafin ka shimfiɗa ta. Ka daɗe kana shafa aikin da tafin hannu, sannan ka ce irin wannan ba a sa mata keke. Sabon ƙyalle ma ka ƙi sa mata, ka ce sabo yana da ƙarfi, in an wanke zai ja ya yaga tsohon da ke kewaye da shi, launi kuma ba zai taɓa haɗuwa ba. Daga cikin shafin gindin rigar ka yanko abin da ka toshe ramukan asu, ka daidaita zanen shaddar har furen ya haɗu da ɗan'uwansa, ka mayar wa shafin da wani yadi tunda ba a ganinsa. Bakin aljihun da allura ka bi shi, kwana huɗu, bayan la'asar in kasuwa ta lafa. Da ka gama ka tura ta wurin masu rini suka farfaɗo da launinta, masu bugu suka buge ta har ta ɗauki sheƙi. Ranar da na sa ta zuwa ɗaurin aure a Tsibiri, ƙanwar mahaifina ta kama hannun rigar ta riƙe, ta daɗe ba ta ce komai ba, sai hawaye.

Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe, amma yaɓen ma sai an samu gwani. Kullum ina ganin mutane na kwasar gwanjo su sa wata biyu su jefar, alhali rigar kirki na kwance a gida ba abin da take nema sai zif ko maɓalli. Ina ganin raina aikin gyara da ake yi kuskure ne babba, kuma na ji daɗi da na ga kana fara koya wa yaranka faci da kalmasa kafin ka ba su almakashi su yanka sabon yadi.

Shawarwarinka ma mun riƙe su a gida. Uwargida yanzu tana juya shadda ciki waje ta shanya a inuwa, ba ta barin ta ta wuni a rana. Ba ma ajiye kaya a akwati sai an wanke sun bushe sarai. Ƙaramar tsaga kuma ba ta kwana biyu ba a ɗinke ta ba, kafin wanki ya faɗaɗa ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da hasken ido, ya sa albarka a shagon, ya shirya maka yaran da kake koyarwa. Akwai kaftani biyu da zanen uwargida da na ware, in Allah ya yarda zan kawo su ranar Litinin bayan an tashi daga lakkol, tun cunkoson ɗinkin Sallah bai fara ba.

Ɗanka,
wani malamin makaranta daga unguwar Zariya, Maradi