Wasiƙa daga Damagaram zuwa Dakar

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya baƙunta? Inna tana gaishe ka. Na daɗe ban rubuto ba, yau ɗin ma da nauyin zuciya na zauna.

Ka tuna ƙanen matata, yaron nan da ke ɗauko ka a moto in ka sauka tasha? Allah Ya yi masa rasuwa, jiya aka yi sadakar bakwai. Tramol ce sanadi.

Ka san yadda wasu 'yan kabu-kabu ke yi: a jefa biyu cikin shayi da sassafe, a wuni ana zirga-zirga daga Birni zuwa Kasuwar Dole ba a jin gajiya. Wadda likita ke rubutawa miligiram 50 ce, kuma ba a wuce 400 a rana. Wadda ake saida musu a ɓoye, ƙwaya ɗaya 225. Biyu kawai, an riga an tsallake iyaka.

Da abin ya ishe mu, muka kai shi ƙauye aka sa masa mari wata uku. Ni na kawo wannan shawara, shi ya sa barci ke gagara ta. Ya dawo ya yi kumatu, muka yi ta hamdala. Ashe jikin da ya huta ya manta sabonsa. Kwana huɗu da dawowa ya sha daidai yadda yake sha a da, ya ɗora diyazafam, ƙwayar sa barci, a kai. Abokansa na fada suka ji yana munshari suka ce barci ne. Da suka ga leɓensa ya yi baƙi, sai suka ɗura masa madara, suka kwara masa ruwa. Tsoron kada a kama su ya hana su fita da shi sai da asuba. Yara ne masu ƙaunarsa, wallahi, ɗaya har yanzu ba ya iya haɗa ido da ni.

Wani ma'aikacin lafiya da ya zo gaisuwa ya zaunar da ni. Ya ce wannan munsharin numfashi ne ke yankewa. In an girgiza mutum bai farka ba, numfashinsa na jinkiri, baƙin idonsa ya tsuke kamar ƙwayar gero, to a kwantar da shi ta gefe, kada a zuba masa komai a baki, a nufi likita nan take. Ya ce akwai magani, naloksan, allura ko feshin hanci, da ke dawo da numfashi cikin 'yan mintuna. Sai dai ƙarfinsa na gushewa da wuri, kuma ba ya tsai da jijjigar da tramol ke kawowa, don haka zuwa likita dole ne.

Yanzu bayan isha ina zama da abokan nasa a fadar. Ina ce musu su daina, amma wanda bai iya ba tukuna, kada ya sha shi kaɗai a ɗaki, kada ya haɗa ƙwayoyi, in ya yi kwanaki bai sha ba kada ya koma kan tsohon adadi. Wani dattijo a masallaci ya ce ɗaure musu gindi nake yi. Na ce masa, Baba, da rai ake tuba, namu ga shi can a maƙabarta.

Ga roƙona. Akwai cibiyar masu fama da shaye-shaye a asibitin Fann nan Dakar, wadda aka buɗe a 2014, inda ake ba da metadon, maganin da ke taimaka wa mai shan irin waɗannan ƙwayoyi ya rabu da su. Don Allah ka leƙa, ka tambayo mini yadda suke jawo matasa su zo da ƙafarsu ba tare da fargaba ba, da yadda naloksan ke isa hannun mutanen unguwa. Ko takardunsu na Faransanci ka samo, zan zauna in mai da su Hausa.

Ka sa yaron cikin addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
amininka na Damagaram